Daga Kurkuku Zuwa "Kurkuku": Abin da Ɗauri Ya Yi wa Aikin Iyan-Tama da Zango

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurara ba.

Idan aka ɗaure mai fasaha, me yake fitowa da shi? Bari mu koma Kano, zamanin da Abubakar Rabo yake shugabantar Hukumar Tace Finafinai.

A 2007 kotun tafi-da-gidanka ta yanke wa Adam A. Zango ɗaurin wata uku kan faifan waƙoƙinsa na "Bahaushiya". Kafin nan rawa da waƙar soyayya aka fi saninsa da su. Da ya fito sai ya tattara ya koma Kaduna, ya saki "Oyoyo", waƙar da ya mayar da martani ga waɗanda suka ɗaure shi. A 2009 kotu ta sa ta cikin waƙoƙi 11 da ta haramta. To amma fa lokacin Bluetooth ne. Waƙa ta bar kanti ta koma waya, kuma mu 'yan bakin iyaka mun san abin da ya shiga memori ba ya tsayawa a shingen kwastan. Hukuncin kotun Kano ba ya aiki a Illela, balle a Konni.

Na Hamisu Lamido Iyan-Tama ya fi taɓa ni. Fim ɗinsa "Tsintsiya", wanda ofishin jakadancin Amurka ya tallafa wa, kan zaman lafiya tsakanin kabilu da addinai yake. A ƙarshen Disambar 2008 aka ɗaure shi bisa zargin sakin fim ɗin a Kano ba tare da tacewar hukumar ba, da gudanar da kamfani babu rajista. Shi kuwa ya musanta. Ya yi kusan wata uku a ciki kafin a ba da belinsa a Maris 2009. A 2012 ya fito da sabon fim, sunansa "Kurkuku".

Ku lura da bambancin. Zango ya amsa da zafinsa, waƙa ce ta wanda aka taɓa, a ɗan lokaci an gama ta. Iyan-Tama sai da ya shekara uku. Fim yana cin kuɗi da 'yan wasa da izini, wanda ya fito daga ɗauri kuma kasuwarsa ta tsaya, abokan hulɗa suna ɗari-ɗari da shi. A ganina wannan jinkirin ne ya ba shi damar mayar da gidan yarin kansa abin labari, ba ɗaurinsa shi kaɗai ba. Kuma gidan ne da yawancin mazaunansa a Najeriya jiran shari'a suke yi, ba a ma yanke musu hukunci ba.

Wanda ya kalli "Kurkuku" a cikinku ya faɗa mana yadda ya gan shi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.