Ruwa Kan Ruwa: Yadda Bashi Ke Haihuwa

Uwargida, a Saji da kewayen Rano da Kibiya katin bashi na banki bai yaɗu ba, amma rancen waya ya shigo ɗakunanmu, kuma halinsu ɗaya. In kika ranci naira 50,000 da ruwan kashi 10 cikin ɗari duk wata, ƙarshen wata bashin ya zama 55,000. In ba ki biya ba, a kan 55,000 za a ɗora ruwan wata na biyu, ya koma 60,500. Shekara na cika, ya haura 156,000.

Allah Ya haramta riba a Suratul Baƙara. Kafin ki ci bashin kayan ɗakin 'yarki, ki shiga adashi, ko ki tuntuɓi bankin da ba ya karɓar ruwa, kamar Jaiz da ya fara aiki a 2012. Allah Ya rufa mana asiri.