2.3 Yadda Ake Gudanar da Ƙungiyar Injiniyoyin Awo da Sarrafa Na'urori

A wannan sashe za a dubi yadda ake tafiyar da ƙungiyar ƙwararru ta masu aikin awo da sarrafa na'urori. Waɗannan su ne injiniyoyin da ke kula da na'urorin auna zafi da matsin iska da gudun ruwa a bututu da cikar tanki a masana'antu irin su matatar mai da tashar lantarki, tare da na'urorin da ke buɗe bawul ko rufe shi gwargwadon abin da awon ya nuna. Za a ɗauki misalai biyu, ɗaya daga Ingila ɗaya daga Amurka, domin kowace ƙungiya da ɓangaren da ta fi ƙarfi.

Ta Ingila, wadda ake kira InstMC a taƙaice, an kafa ta a shekarar 1944 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma sami takardar amincewa ta masarauta a 1975. Ta Amurka kuwa, wato ISA, an kafa ta a birnin Fitsbag a 1945 lokacin da wasu ƙananan ƙungiyoyin garuruwa suka haɗe. Ta sauya suna a 2000 da kuma 2008, amma ba ta taɓa haruffan nan uku ba.

2.3.1 Shugabanci da Kuɗin Shiga

Tsarin shugabancin bai sha bamban da na sauran ƙungiyoyin sana'a ba. Akan zaɓi shugaba na ƙayyadadden wa'adi, da majalisar da ke tsara manufofi, sannan ga rassa a garuruwa inda ake shirya laccoci da ziyarar masana'antu. Ma'aikatan da ake biya albashi kaɗan ne idan aka kwatanta da yawan aikin. Mafi yawansa 'yan sa-kai ne ke yi bayan sun tashi daga wuraren aikinsu. Kuɗi kuwa yakan shigo ta hanyar kuɗin shekara na mambobi da kwasa-kwasai da jarrabawa da taruka da sayar da littattafan ƙa'idoji.

2.3.2 Tantance Mambobi

Abin da ƙungiyar Ingila ta fi bai wa muhimmanci shi ne shaidar ƙwarewar mutum. Majalisar Injiniyoyi ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1981, ita ke riƙe da rajistar injiniyoyi, amma ba ita ke yi wa mai nema tambayoyi ba. Ta ba ƙungiyoyi irin InstMC lasisin yin haka. Mai nema zai gabatar da takardun karatunsa da rahoton ayyukan da ya yi da hannunsa, sannan ya zauna gaban injiniyoyin da suka riga shi samun rajista su yi masa tambayoyi. Bayan an karɓe shi ma wajibi ne ya riƙa rubuta ƙarin ilimin da yake nema, kuma ana iya cire sunansa idan ya karya dokar aiki.

Za a fi gane dalilin wannan tsanani idan aka dubi gobarar da ta tashi a ma'ajiyar mai ta Bansfil da ke Ingila ranar 11 ga Disamba, 2005. Ana tura fetur cikin wani tanki sai na'urar auna cikarsa ta maƙale, ta ci gaba da nuna wa ma'aikata awo guda alhali mai yana ta hawa. Akwai na'ura ta biyu da aikinta shi ne tsayar da turin idan tanki ya kusa cika, amma ita ma ba ta yi aiki ba, domin tana buƙatar kwaɗo ya riƙe hannunta a inda ya dace, ba a kuwa sa kwaɗon ba. Fetur ya malalo, tururinsa ya kama da wuta, mutane fiye da 40 suka ji rauni, aka yi kwanaki ana kashe wuta. Bincike ya nuna cewa na'urar farko ta sha maƙalewa a watannin da suka gabata ba tare da an yi mata gyara na dindindin ba. Ke nan abin da aka rasa shi ne mutanen da suka san aikin kowace na'ura, suke kuma da ikon cewa a tsaya. Irin waɗannan mutane ne ƙungiya ke sa sunanta a kansu, shi ya sa sassauci wajen tantancewa, don kawai a ƙara yawan masu biyan kuɗin shekara, yake zama cin amana.

2.3.3 Tsara Ƙa'idoji na Bai-Ɗaya

A nan ne ISA ta yi fice. Kamar yadda ciniki ba ya yiwuwa a kasuwar hatsi idan kowa ya zo da girman mudunsa, haka na'urar wani kamfani ba za ta fahimci ta wani ba sai an yi ittifaƙi a kan ma'auni. Misali, an amince cewa na'urar awo ta aika da saƙonta ta waya da ƙarfin lantarki daga miliyamfiya 4 zuwa 20. Idan tanki ba komai sai ta aika 4, idan ya cika ta aika 20, rabi kuwa 12 ke nan. Hikimar farawa daga 4 maimakon sifiri ita ce, idan waya ta tsinke lantarkin zai faɗi zuwa sifiri, nan take a gane matsala ce ta waya, ba tanki ne ya ƙare ba. Haka kuma ƙa'idar ISA mai lamba 5.1 ta tsara alamomin da ake sa wa na'urori a zanen masana'anta, ta yadda injiniya a kowace ƙasa da ya ga LT zai san na'urar aika awon cika ce, FT kuwa ta gudun ruwa.

Yadda ake cimma waɗannan ƙa'idoji shi ne mafi wuya a gudanar da ƙungiyar. Kwamitin da ke rubuta su ya ƙunshi masu ƙera na'urori da masu saye su yi amfani da su da masu ba da shawara, kuma doka ta hana ɓangare ɗaya ya rinjayi sauran. Dalili a fili yake: mai ƙera na'ura zai so ƙa'ida ta zo daidai da hajarsa. Bayan an gama daftari akan baza shi domin jama'a su yi gyara, kuma dole kwamiti ya duba kowane ƙorafi ya ba da amsa kafin a tabbatar da shi. Wannan ne ya sa ƙa'ida ɗaya takan ci shekaru.

A ganin mai wannan nazari, akwai rauni a tsarin. Manyan kamfanoni ne ke iya sakin ma'aikacinsu ya yi ta halartar zaman kwamiti suna biyansa albashi, ƙaramin kamfani ko injiniyan da ke ƙasa mai nisa ba shi da wannan hali, don haka muryarsa takan yi ƙasa ko da doka ta ba shi kujera. Sannan ƙungiya tana son kowa ya bi ƙa'idojinta, tana kuma dogaro da kuɗin sayar da su. ISA ta rage wannan tarnaƙi ta hanyar bai wa mambobinta damar karanta ƙa'idojin ta intanet cikin kuɗin shekararsu, amma wanda ba mamba ba sai ya saya.