Shin Ko Kun San? Ƙashi Ma Sai da Rusau Yake Ƙarfi

Shin ko kun san ƙashi ba busasshen itace ba ne? Kamar gidan ƙasa yake, ana kankare tsohon yaɓe ana shafa sabo. Duk shekara jikin baligi na sabunta kusan kashi 10 cikin 100 na ƙasusuwansa.

Ko kun san ƙwayoyin halitta iri biyu ke wannan aiki? Akwai 'yan rusau, wato ostiyokilas, masu manne wa ƙashi su zuba masa asid har ya yi rami. Sai magina, wato ostiyobilas, su bi sawu suna cikewa. Rusau makonni kaɗan yake ci, cikon kuwa sai an yi watanni.

Ko kun san daga ɓangaren magina umarnin rusau ke fitowa? Sukan saki sinadarin RANKL, ya je ya shiga RANK da ke jikin 'yan rusau kamar mabuɗi a kwaɗo, aiki ya kankama. Idan ɓarna ta isa, sai su saki wani sinadarin, OPG, ya tare RANKL a hanya. A 1997 aka gano OPG.

Ko kun san kashi 99 cikin 100 na kalsiyam ɗin jiki a ƙashi da haƙora yake? Da ya yi ƙasa a jini, wasu 'yan tsoka huɗu a wuya, kowanne kamar ƙwayar shinkafa, kan aika saƙo a ɗebo daga rumbu, wato ƙashi.

Ko kun san me ya sa ƙashin mace kan yi rauni bayan ɗaukewar al'ada? Sinadarin estirojin da ke ja wa RANKL linzami ne ya ragu. Allurar denosumab, da Amurka ta amince da ita a 2010, aikin OPG take kwaikwayo, ana yin ta duk wata shida.

Ko kun san ƙashi na son ɗaukar nauyi? 'Yan sama jannati kan yi asarar kusan kashi 1 cikin 100 na ƙashin kwatangwalo duk wata, don a sararin samaniya babu nauyi.

To, da babu 'yan rusau fa? Akwai cutar gado da ke hana su aiki. Ƙashin mai ita kan cushe kamar dutse, amma ɗan faɗuwa kaɗan, sai a nemi mai ɗori.