Ɗaukar bidiyon waƙa a gonakin Kura da Bunkure: Darasin da ba a koyarwa a aji

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya a watan Janairu zai ga abin da ke jan hankalin mai kyamara. Ko'ina ya bushe, amma da an iso yankin Kura da Garun Malam da Bunkure sai ido ya ci karo da alkama kore shar, da tumatir da albasa, ga ruwa na gudu a magudanai. Ruwan daga madatsar Tiga yake zuwa, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, kuma Hukumar Raya Kogunan Haɗejia da Jama'are ce ke kula da rabonsa.

Ga ɗaliban koyon aikin jarida da fim, kamar na Jami'ar Bayero ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, waɗanda malami ya ba su aikin haɗa bidiyon waƙa, wannan wuri ne mai sauƙin zuwa, ba kuma sai an biya kuɗin haya ba. Sai dai gona ba situdiyo ba ce, jarin wani ce.

A aji ana koyar da tsara labari hoto bayan hoto, da raba aiki tsakanin darakta da mai ɗaukar hoto da mai tacewa. A gona kuwa, matakin farko shi ne sallama. Sai an je wurin mai unguwa ko dagaci an yi bayani, sannan a nemi mai gonar. Manomin da ya ci bashin taki da iri ba zai ji daɗin ganin mutum goma suna tattake masa fangali ba, musamman da yake baiti ɗaya ana iya maimaita ɗaukarsa sau da yawa kafin motsin bakin mawaƙi ya dace da sautin da ke fita daga lasifika.

Lokaci ma abin lura ne. Ranar da aka saki ruwa, hanyoyin cikin gona kan zama taɓo. Hazon hunturu yana dusashe launi, hasken tsakar rana kuma yana ƙona fuska a hoto, don haka masu sana'ar suka fi son sanyin safiya ko bayan la'asar. Akwai kuma batun lafiya: an daɗe da sanin cewa ruwan magudanan yankin na ɗauke da cutar tsargiya, saboda haka sa mawaƙi ya tsunduma ƙafa don hoto ya yi kyau ganganci ne.

Abu mafi nauyi shi ne yadda jama'a ke kallon harkar. A 2016 Gwamnatin Tarayya ta janye shirin gina alƙaryar fina-finai a Ƙofa da ke ƙaramar hukumar Bebeji, maƙwabciyar wannan yanki, bayan malamai da dama sun nuna adawa. Kuma tun 2001 Kano ke da Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i. Aikin da aka yi don neman maki yana iya faɗawa TikTok ko YouTube cikin dare ɗaya, inda za a auna sutura da rawa da kalmomin waƙar da ma'aunin gari, ba na malami ba. Haka nan matan da ke tsinkar tumatir ko yaran da ke wucewa, ba a ɗaukar fuskarsu sai da yardarsu.

Ɗaliban da suka kiyaye waɗannan za su dawo da abin da ya fi maki: sanin cewa rabin aikin fim ana gama shi ne kafin a kunna kyamara. Idan kuma an kammala tacewa, ba laifi a koma a nuna wa mai gonar a waya, domin ajin da ke tafe ma ƙofarsa za su ƙwanƙwasa.