Ciwon Hantsa Bayan Haihuwa: Asarar da Awakin Kelle ke Yi

A ƙasar Kutus, inda Kelle take arewa da Gure a jihar Damagaram, akuya ta zama saniyar talaka. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karya garken shanu a Nijar, ƙarancin ciyawa na 2005 da 2010 ya ƙara, gidaje da yawa suka koma ga ƙananan bisashe. Akuya tana rayuwa da ganyen itatuwan ƙaya, cikinta wata 5 ne, ta haihu ta ba da nono. Ƙungiyoyin agaji a ƙasar su ma sun ari al'adar habbanaye ta Fulani suna raba wa mata awaki, har da jar akuyar Maradi mai yawan tagwaye. Yanzu abincin gida ya rataya a kan hantsar akuya, ita kuwa hantsar ba ta cika samun kulawa ba sai ta kumbura.

Kwanakin farko bayan haihuwa su ne na haɗari. Hantsa ta cika da dakashi, ƙofar kan nono a buɗe, jikin uwar ya raunana. Ƙwayar cutar da ta fi ɓarna, Staphylococcus aureus, ba daga nesa take zuwa ba: tana kan fatar dabbar da hannun mai tatsa. Akuyar da aka ɗaure a turke ɗaya tana kwanciya kan kashi da fitsari, wadda ke fita kiwo kuma ƙaya da kaska suna yi mata rauni. Ɗan akuya mai ƙurajen baki yakan shafa wa uwarsa cutar. Akwai kuma abin da muke jawowa da hannunmu. In ɗa guda ne, yakan riƙe ɓangare ɗaya ya bar ɗayan ya sanƙare. In ya mutu, sai a manta da tatsar uwar. Ɗaure hantsa da tsumma mai datti don hana ƴaƴa sha shi ma hanya ce.

Ciwon hantsa mai tsanani kowa ya san shi: hantsa ta yi zafi, nono ya fito da gudaji ko jini, akuya ta ƙi abinci. In hantsar ta yi baƙi ta yi sanyi, ruɓewa ce, tana iya kashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Amma wanda ya fi cin dukiya shi ne na ɓoye, wanda ke barin ƙullutu mai tauri har rabin hantsa ya mutu. Mai tagwaye da nono ɗaya ba ta iya riƙe su, ƴaƴan su rame, yaran gida su rasa na damun fura, ranar kasuwa kuma dillali ya lalubi hantsar ya karya kuɗinta.

Maganin da ya yi tashe shi ne allurar oksitetrasikilin ta kasuwa, wadda takan yini a rana kan tebur. A kintaci awo, a yi sau ɗaya, kumburi ya sassauta, a ce ta warke. Alhali ƙwayar takan ɓuya cikin ruwan ciwo inda magani ba ya kai mata sosai, ta dawo a haihuwa ta gaba, wani lokaci ta daina jin maganin. Nonon kuma ana ci gaba da sha da ragowar magani a ciki. Ban ga laifin mai akuya ita kaɗai ba: likitan dabbobi yana da nisa, rigakafin da hukuma ke yi kowace shekara kuwa na annoba ne irin PPR ta awaki da tumaki, bai shafi hantsa ba.

Abin da ke ceton hantsa ya fi allura araha: busasshen makwanci, wanke hannu da sabulu, duba zubin farko na nono a baƙin ƙoƙo, gasa hantsa da ruwan ɗumi a tatse ta sau da yawa a yini, a bar marar lafiya ta zama ta ƙarshe a tatsa, a zubar da nononta. In zazzaɓi ya shiga, a nemi ma'aikacin kiwo ranar nan. Masu rabon awaki a Kelle da kewaye su sa wannan koyarwa cikin rabon, kuma su komo su duba hantsa a makon haihuwa.