Numfashi Da Yadda Muke Zama

Babban mutum mai lafiya, in yana hutawa, yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Amma da zarar fushi ko tsoro ya kama shi, sai numfashin ya gajarta ya tsaya a ƙirji, zuciya ta shiga bugawa da sauri. A cikin wannan hali ne uba kan tsinka wa ɗansa mari tun bai ji ba'asi ba, miji da mata kuma su furta maganar da za a shekara ba ta warke ba.

To, yadda fushi ke gaggauta numfashi, haka numfashi a hankali ke kwantar da fushi. A ƙarƙashin huhu akwai wata tsoka mai faɗi kamar faifai, wadda ta raba ƙirji da ciki. In ta sauka sai huhu ya cika, ciki ya taso. Sa'ad da muka saki iskar sannu-sannu, wata jijiya da ta taso daga ƙwaƙwalwa takan rage bugun zuciya. Wani likita a Jami'ar Habad ta Amurka, Herbert Benson, ya fitar da littafi a 1975 a kan wannan. Ya nuna cewa zama shiru da maimaita kalma guda, ko gajeriyar addu'a, yana sassauta numfashi da bugun zuciya. Kada wani ɗan'uwa ya ɗauka tsafi ne. Allah ne ya shirya jiki haka, kuma Farawa 2:7 ta nuna mana cewa da numfashi ran mutum ya soma.

Ga yadda za ku gwada. Ku ɗora hannu a ciki, ku shaƙi iska ta hanci kuna ƙirga 4, ku sake ta kuna ƙirga 6. Sau 6 ke nan a minti. Ku yi haka kafin ku ɗauki bulala. A ganina, yawancin lokaci za ku tarar magana ta isa.

Sai batun zama. Wanda ya duƙufa ya danne cikinsa, tsokar nan ba ta samun wurin sauka sosai. A aji, in rana ta yi zafi yara suka soma zubewa bisa tebur, nakan sa su miƙe tsaye, su buɗe kafaɗu, su yi dogon numfashi sau 3. Ya fi tsawa amfani. Ƙungiyar mawaƙa sun daɗe da sanin wannan, domin ba mai riƙe doguwar murya a takure. Ku dubi kuma iyayenmu mata da tulu a ka, bayansu a miƙe sak.

Kada a yi ta shaƙa da sauri-sauri, wannan jiri yake kawowa. Wanda kuma numfashinsa ke sarƙewa ba gudu ba aiki, ko yake tari fiye da mako 2, ko ƙirjinsa ke ciwo, a kai shi asibiti ba da jinkiri ba.