Takardar Da Aka Kece Ta Koma Daidai

Yaranmu sukan dawo daga kasuwa da tsoro, suna cewa sun ga mai dabo ya kekketa takarda, ya hura mata iska, ta koma daidai. Har waɗansu manya sukan ba da kuɗinsu, suna tsammani mutumin yana da aljanu. Ba aljani a ciki, rufa-ido ne kawai. Tun shekara ta 1584 wani mutumin Ingila, Reginald Scot, ya buga littafi yana tona irin dabarun nan, gama a zamaninsa ana kashe mutane bisa zargin maita.

Ga yadda ake yi. A sami takardu biyu marasa kauri, iri ɗaya sak. A ninke ɗaya ƙarama ƙwarai, a manna ta da ɗan ƙaro a bayan ɗayar, kusa da kusurwa. Sa'ad da ake nuna wa jama'a, babban yatsa yana kanta. A yi ta kecewa, amma kada a taɓa kusurwar nan. A dunƙule guntayen, a juya su cikin tafin hannu, sa'an nan a buɗe ninkakkiyar a hankali. Guntayen kuwa suna ɓoye a bayanta.

Wurin juyawar nan ne wahala take, shi ya sa mai dabo yakan cika surutu daidai lokacin. A ganinmu uba ya gwada gaban madubi tukuna, ya yi wa yara sau ɗaya, kana ya juya takardar su ga guntayen da idonsu.